Yadda Ake Sa Albasar Fure Ta Yi Huda a Jos

Kwana kaɗan bayan ruwan farko ya sauka a Jos, wajen ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, mai tafiya ta gindin duwatsu inda akwai 'yar inuwa kan ci karo da abin kallo: dunƙulen fure ja wur mai kama da ƙwallo, a kan sanda guda, ya ɓullo daga ƙasar da makon jiya ƙura ce zalla. Ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya taɓa ɗebo masa ruwa. Masana tsirrai suna kiransa Scadoxus multiflorus. Albasarsa ta kwashe wata biyar kwance cikin busasshiyar ƙasa tun ɗaukewar ruwa a Oktoba, da ta ji danshi kuwa sai ta turo fure tun ganyen bai gama fitowa ba.

A wani gida kuma, a Rayfield ko Tudun Wada ko Bukuru, ga 'yar'uwarta cikin tukunya a bakin baranda. Kullum safiya ana ba ta ruwa, rani da damina. Ganye shar, dogaye kamar takobi, amma shekara uku ke nan ko alamar fure babu. Mai ita ya ƙara taki, ganye ya ƙaru. Ya sauya mata babbar tukunya, ta haifi 'ya'ya suka cika wurin. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa namiji aka sayar masa. To, albasar fure ba ta da namiji da mace irin na gwanda. Hana ta barci aka yi, kuma gata ne ya jawo mata.

Albasar fure rumbu ce. Duk abin da ganye ya samo daga hasken rana ana tara shi a cikin ɓawon nan mai kauri da ke naɗe kan juna, a tsakiyarsu kuma furen yake ƙulluwa tun da sauran watanni. Wanda ya raba babbar albasar Hippeastrum, mai fure kamar bakin kakaki da ake gani a gidaje, gida biyu da wuƙa zai ga furen da za ta fitar nan gaba a naɗe a ciki, ɗan mitsitsi, fari fat. Abu biyu ke fito da shi waje. Na farko rumbun ya cika. Na biyu albasar ta ga alamar cewa lokaci ya yi, kuma kowace albasa tana jiran alamar da kakanninta suka saba da ita a ƙasarsu ta asali.

Nan ne littattafan lambu da ake kawowa daga Ingila ke rikita mai karatu a Filato. Su suna magana ne kan yanayi huɗu, da dusar ƙanƙara, da yini mai tsawo da gajere. Jos tana kusa da layin digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce kimanin sa'a guda ba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa daren hunturu ke saukowa zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka, har mutumin Kano ya nemi bargo biyu. Amma ƙasa ba ta daskarewa. Ruwan sama kuwa, wajen milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba yake zuba, mafi yawa a Yuli da Agusta. Saboda haka agogon da ke hannun mai lambu a Jos ruwa ne: yaushe za a ba da shi, yaushe za a hana. Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A lambun fure dai, ruwan ne ke juya ta yadda ya ga dama.

Tambayar farko ga duk albasar da ta shigo hannu ita ce: daga ina asalinta, kuma a wane lokaci ake ruwa a can?

'Yan gida ba su da wahala. Akwai Crinum, wadda aka fi sani da albasar kwaɗi, mai babbar albasa da dogon wuya da fure fari mai ratsin ja, tana son wuri mai danshi a damina. Akwai rumana, wato Gladiolus na daji mai fure ruwan lemo da ke fitowa cikin ciyawa, wanda ɗaya daga cikin irinsa, Gladiolus dalenii, yana cikin kakannin manyan furannin da ake sayarwa a shagunan Turai yau. Akwai baurairai, Gloriosa superba, mai hawa bisa wasu tsirrai da fure kamar harshen wuta. Tun 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa, sunaye irin waɗannan suna ciki. Duk waɗannan jadawalin Jos shi ne nasu: su tashi da damina, su kwanta da rani. Kuskuren da ake yi musu ɗaya ne, wato a dasa su a tsakiyar ciyawar ado ko kusa da fulawar da ake shayarwa duk shekara. A ware musu gefe guda inda tiyo ba ya kaiwa daga Nuwamba zuwa Maris, su za su yi sauran aikin. Crinum kuma ba ta son tono. Wadda aka ƙaurar kan yi fushi shekara guda ko biyu kafin ta sake yin fure, don haka a zaɓa mata mazauni tun farko a bar ta nan.

Masu son fure a kaka, wato daga Satumba zuwa farkon Nuwamba lokacin da ruwa ke ja da baya sararin sama ya washe, suna da zaɓi fiye da yadda ake zato.

Mafi sauƙi ita ce Zephyranthes, 'yar ƙaramar albasa mai ganye siriri kamar na albasa mai lawashi. Farar, Zephyranthes candida, daga gaɓar kogin da ke tsakanin Ajantina da Yurugwai ta fito, kuma a can ma ƙarshen lokacin zafi take fure. Akwai mai ruwan hoda da mai rawaya. Halinsu shi ne idan aka yi 'yan kwanaki ba ruwa sannan aka sheƙa shi, cikin kwana uku zuwa biyar sai su buɗe gaba ɗaya kamar an buga musu ƙararrawa. Wanda ya sa su a tukunya zai iya yin wannan wasan da kansa. Ya janye tukunyar ƙarƙashin rufi mako biyu zuwa uku har ƙasar ta bushe, sannan ya jiƙa ta sharkaf. Suna son cunkoso. Albasa goma a kasko ɗaya ta fi guda goma a warwatse kyau da yawan fure.

Sai tuberos, 'yar asalin Meziko, mai dogon kara da fararen furanni masu ƙamshin da ke ƙaruwa bayan magariba. Masu haɗa turare a garin Grasse na Faransa sun daɗe suna nomanta, a Indiya kuma da ita ake kitsa furannin biki. Daga shuka zuwa fure tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu, ke nan wadda aka sa a ƙasa a watan Yuni za ta yi fure a Satumba ko Oktoba. Tana son rana sosai da abinci mai yawa. Ga abin da mutane da dama ba su sani ba: albasar tuberos da ta yi fure sau ɗaya ta gama, ba ta sakewa. 'Ya'yan da ke manne a gindinta su ne na baɗi. Idan ganye ya bushe a tone duka, a ɓalle 'ya'yan, a shanya a inuwa, a zaɓi waɗanda kaurinsu ya kai santimita 2 ko fiye don fure. Ƙananan a shuka su gefe su yi shekara guda suna girma. Wanda ya bar tarin a ƙasa shekara da shekaru zai sami dajin ganye da kara ɗaya ko biyu.

Gladiolus na lambu ya fi kowa bin lissafi. Abin da ake shukawa ba ɓawo-ɓawo yake kamar albasa ba, dunƙule ne mai tauri irin na gwaza, kuma daga shuka zuwa fure kwana 70 zuwa 100 ne gwargwadon iri. A binne shi zurfin santimita 10 zuwa 15, domin karan yana da tsawo, iskar hadarin Jos kuma ba ta da wasa. Idan aka shuka da ruwan farko, furen zai faɗo tsakiyar marka, ruwa ya bubbuge shi, danshi ya sa masa ɗigon ruɓa, wani lokaci ma ƙanƙara ta yayyaga shi, don Jos tana ganin ƙanƙara a damina. Gara a jinkirta zuwa tsakiyar Yuli ko farkon Agusta a kan kunya mai tudu, furen ya buɗe a Oktoba cikin rana. Mai niyyar sayarwa ya riƙa shuka kashi-kashi duk mako biyu, don kada duka su nuna rana ɗaya. Wajen yanka, a yanke idan furanni biyu na ƙasa sun fara nuna launi, a bar aƙalla ganye huɗu a jikin shukar. Ganyen nan ne za su ciyar da sabon dunƙulen da ke fitowa a kan tsohon. Bayan mako shida a tone, a cire tsohon da ya motse a ƙasa, a ajiye sabon wata biyu zuwa uku a wuri mai iska kafin ya yarda ya sake tsiro. Manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu sun san wannan halin, sabon iri ba ya tsiro sai ya huta.

Akwai kuma baƙi daga Afirka ta Kudu, waɗanda su ne ainihin taurarin kaka a lambunan Turai, kuma a nan ne ake bukatar lura. Nerine bowdenii, mai fure ruwan hoda da gefuna a lanƙwashe, daga tsaunukan gabashin ƙasar take, wajen Drakensberg, inda ake ruwa lokacin zafi a yi rani lokacin sanyi. Wannan ya yi kusa da tsarin Jos, don haka ita ce ta fi cancanta a gwada. A shuka ta wuyanta a waje, a bar ta ta yi ganye duk damina, ta yi fure a ƙarshe, ta kwanta da hunturu. Ba ta son zafi mai tsanani, saboda haka a bazara a kai tukunyar inuwa. Tana kuma da nawa: furen da za ta fitar yakan fara ƙulluwa a cikin albasar kusan shekara biyu kafin a gan shi. Wahalar da ta sha bara waccan ita ce ke bayyana bana, kuma mai gaggawa zai jefar da ita tana dab da saka masa.

Amaryllis belladonna labarinta daban. Ita daga yammacin ƙasar take, wajen birnin Kef Tawun, inda al'amarin yake a juye, ruwa lokacin sanyi, fari da zafi lokacin bazara. Ganyenta na fitowa da sanyi, ya bushe ƙurmus da zafi, sannan kara ya ɓullo tsirara daga ƙasa ba ganye ko ɗaya, ɗauke da furanni masu ƙamshi. A can tsakanin Fabrairu da Afrilu take yin haka, a Ingila kuma Satumba zuwa Oktoba. A Jos sanyin yana zuwa ba ruwa, ruwan kuma yana zuwa daidai lokacin da take son ta gasu a bushe. Idan aka sa ta a fili, marka ce za ta ruɓar da ita ko ta mai da ita mai ganye kawai. Mai son gwadawa ya sa ta a tukunya, ya shayar da ita daga Oktoba zuwa Maris, ya bari ganye ya bushe da zafin bazara, sannan ya ajiye tukunyar inda rana ke bugu amma ruwan sama ba ya taɓawa har ƙarshen damina. Ko an yi duk wannan, ba a yi wa kowa alkawari ba. Gaskiyar magana, ga mai fara koyo wahalar ta fi ribar. Haka nan tulip da danginsa na ƙasashen sanyi, waɗanda ke bukatar mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai kai digiri 9 ba. Hunturun Jos bai kai nan ba, firiji kuma sai da wutar da ba ta yankewa.

Wadda ta fi kowa saka wa mai ita a Jos, kuma wadda aka fi gani a gidaje da harabar coci-coci da makarantu, ita ce Hippeastrum, mai manyan furanni kamar bakin kakaki, ja ko ruwan lemo ko fari mai ratsi. Masu sayarwa da yawa amarilis suke ce mata, ruɗanin da ya daɗe har a tsakanin masana, sai a taron masana tsirrai na duniya na 1987 aka tsayar da cewa sunan Amaryllis na 'yar Afirka ta Kudu ne, waɗannan 'yan Kudancin Amurka kuma Hippeastrum. Idan tana ƙasa ba a shayar da ita, da kanta takan yi fure bayan hunturu, wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Abin daɗin shi ne ana iya sa mata rana.

Ga yadda lissafin yake. Tana bukatar hutun mako 8 zuwa 10 a bushe, sannan daga ranar da aka dawo mata da ruwa zuwa buɗewar fure mako 6 zuwa 8 ne. Wanda ke son ta ƙawata falo ranar Kirsimeti sai ya ƙirga baya. Za a dawo mata da ruwa a ƙarshen Oktoba ko makon farko na Nuwamba, gara ma ƙarshen Oktoban domin sanyin Disamba na rage mata sauri. Ke nan hutun zai fara a ƙarshen Agusta, lokacin da sama ke zuba ba ƙaƙƙautawa. Dole a ɗauke tukunyar daga fili a kai ta ɗakin ajiya ko ƙarƙashin rumfa, a kwantar da ita a gefenta don kada wani mai tausayi ya wuce ya zuba mata ruwa. Ganye zai yi rawaya ya kwanta. A bar shi ya bushe da kansa kafin a cire. Idan lokaci ya cika a kankare ƙasar sama kamar santimita 3 a sa sabuwa, a jiƙa sau ɗaya da kyau, a kai wuri mai haske, sannan a dakata. Kada a sake ba da ruwa sosai sai an ga kan karan ya leƙo. Ana gane shi da kauri da ɗan tsagi a baki, ganye kuwa siriri ne shimfiɗaɗɗe. Karan yana bin haske, don haka a riƙa juya tukunyar duk kwana biyu kada ya karkace. Mai shirin Sallah ko bikin aure haka zai yi, ya ɗauki ranar ya ja baya da wata huɗu, nan ne ranar yanke ruwa. Tun da ranar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, lissafin bara ba zai yi bana ba.

Aikin da ya fi muhimmanci kuwa bayan furen ya faɗi yake farawa, daidai lokacin da yawancin mutane ke tura tukunyar bayan gida su manta. A yanke kan furen don kada ta ɓata ƙarfi wajen yin iri, a bar karan ya yi laushi da kansa. Daga nan a ba ta rana, ruwa da taki wata biyar zuwa shida. Hippeastrum tana ƙulla kara ɗaya na fure a ciki bayan kowane ganye huɗu da ta fitar, don haka mai ganye takwas lafiyayyu tana shirya kara biyu. Matar gida ko yaron da ya bi ganyen da almakashi don wurin ya yi tsaf, furen baɗi ya yanke.

Batun ƙasa a takaice yake: ta sha ruwa ta sake shi nan take. Jar ƙasar Jos mai yumɓu tana riƙe ruwa a damina ta ƙame kamar bulo da rani, ita kaɗai ba ta yi. A haɗa kashi ɗaya na ƙasar lambu, kashi ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki wanda ya zama baƙi ya daina wari. Yashin rafi aka ce. Tarin yashin da aka bari a tsofaffin wuraren haƙar kuza gara a ƙyale shi, domin an san wasu daga cikin irin waɗannan tarin na ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutarwa, ba abin kaiwa cikin gida ba ne. Ɗanyen kashin kaji, wanda Jos ke da shi a wadace, yana ƙona saiwa ya ruɓar da gindin albasa, sai ya shekara ko aƙalla ya yi watanni a tare. Don gwaji, a cika tukunya a zuba ruwa kofi biyu. Idan bai fara fita ta ƙasa cikin 'yan daƙiƙu ba, a ƙara yashi. Tukunyar ƙasa da aka huda gindinta ta fi bokitin roba, saboda jikinta na numfashi ruwa ya tsane da wuri. Kuma kada ta yi girma. Tazarar yatsa biyu tsakanin albasa da bakin tukunya ta isa. A fili kuwa a ɗaga kunya kamar ta dankali, tsayin taƙi guda, ruwan marka ya bi kwari ya wuce.

Zurfin shuka ma na hana fure. Hippeastrum a bar kashi ɗaya cikin uku na jikinta a waje. Nerine da Crinum wuyansu a waje. Zephyranthes da tuberos a rufe su da ƙasa kaɗan, santimita 3 zuwa 5. Gladiolus ne kaɗai mai son zurfi. Scadoxus kuma inuwa take so, ƙarƙashin bishiya inda ganye ke zuba, saɓanin sauran da ke bukatar rana aƙalla rabin yini.

Wajen takin zamani, yuriya ita ce babbar mai laifi. Tana sa ganye ya yi kore har ya burge maƙwabta, albasar kuma ta yi taushi ta kama ruɓa. NPK 15:15:15 da ake samu a kowace kasuwa ya wadatar, ƙaramin cokali ɗaya a tukunya sau ɗaya a wata, a barbaɗa a gefe kada ya taɓa albasar, kuma lokacin da ganye ke girma kawai. Tokar murhu ta itace tana ƙara sinadarin da ke taimaka wa fure, tana kuma rage tsamin ƙasar Filato. Manoman rani na bakin kogin Dilimi sun daɗe da sanin amfanin toka. Ɗan barbaɗe sau biyu a damina ya isa, kuma ta itace zalla, ban da wadda aka ƙona leda da batir a ciki.

Abokin gaba na farko wata tsutsa ce baƙa mai ɗigo-ɗigon fari da rawaya, Brithys crini, 'yar wani malam-buɗe-littafi na dare. Uwar tana saka ƙwai a tare a bayan ganye, 'ya'yan su huda su shige cikin ganyen suna ci suna gangarowa har cikin albasar. Crinum, Hippeastrum, Nerine da Zephyranthes duk abincinta ne. Alamarta ganye ya yi fari-fari kamar takarda, ana hango abu na motsi a ciki. Da zarar ta shige, feshi ba ya cika kai mata. Abin da ya fi aiki shi ne duba bayan ganye sau biyu a mako a damina, a murƙushe ƙwan, a yanke ganyen da ta shiga a ƙona. Akwai kuma ciwon jan tabo da ke kama Hippeastrum, ja-ja a ganye da kara har karan ya lanƙwashe, kuma danshi ne ke yaɗa shi. A daina zuba ruwa a kan wuyan albasa, a ɓare ɓawon da ya kamu, wadda ta kamu sosai a fitar da ita daga cikin sauran. Dodon koɗi na cin toho da dare, gara na bin busasshen taki ta shiga tukunyar da ke zaune a ƙasa, don haka a ɗora tukwane a kan bulo ko dutse.

Wajen saye, a ɗauki albasar a hannu. Mai nauyi da tauri ita ce mai rai, mai taushi a gindi ko mai warin ruɓa a mayar. Girma yana da muhimmanci, domin ƙaramar 'ya sai ta yi shekara biyu ko uku kafin ta yi fure, haka ma wadda aka tayar daga iri. Masu sayar da shuke-shuke a bakin titunan Jos sukan sa su a baƙar leda, kuma lokacin da ya fi dacewa a saya shi ne sa'ad da suke cikin fure, mutum ya ga launin da idonsa. Mai shigo da iri daga Holan ko Afirka ta Kudu yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS, kuma ya sani cewa albasar da ta taso daga kudancin duniya agogonta a juye yake da wata shida, takan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ta daidaita. Irin Crinum da Nerine kuwa, masu taushi kamar ɗanyen wake, ba a ajiye su. A ɗora su a kan ƙasa mai danshi da zarar sun faɗo, a nan suke tsirowa. 'Yan daji kuma, idan maƙwabci na da su a roƙi 'ya ɗaya, ya fi a je a tone na gindin dutse.

Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: kusan duk waɗannan albasoshi guba ne. Dangin Hippeastrum da Crinum da Nerine suna ɗauke da sinadarin da ke sa amai da gudawa, Scadoxus an yi amfani da ita wajen dafin kibiya a wasu sassan Afirka, saiwar baurairai kuwa tana kisa. Busasshiyar albasar fure da aka tone ta yi kama da ta miya ƙwarai. Kada a shanya ta a tsakar gida inda ake shanya kayan miya, kada a ajiye ta a kicin ko inda yara da awaki ke kaiwa.

Mai tukunyar nan da ta shekara uku tana ganye ba sai ya sayi komai ba. Ya duba ko wuyan albasar na waje, ya rage 'ya'yan da suka matse ta idan sun yi yawa, ya ciyar da ita har ƙarshen damina. Ranar da ruwa ya ɗauke ya ɗauki gawayi ya rubuta kwanan wata a jikin tukunyar, ya gaya wa duk mutanen gidan cewa wannan ba a ba ta ruwa sai bayan mako goma.